Na Nemi Izinin Kawu Kafin Na Nemi Gurbi

Wata goma sha ɗaya kacal na yi a aikin ofis. Wani kamfanin takin zamani ne a Kaduna ya ɗauke ni bayan na gama bautar ƙasa, aka ba ni tebur a bakin taga, aikina in riƙa kiran dillalai a waya ina jin ko kaya sun isa. Ban cika shekara ba ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce Baba ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar, ɓarin jikinsa na dama ya daina motsi. Na ɗauki hutun mako biyu na nufi Birnin Gwari. Ban sake taka ofishin nan ba sai ranar da na je kwashe kayana.

Mu huɗu ne a wurin Baba, duk mata, ni ce babba. Sana'arsa hatsi. Yana da sito a bayan kasuwa da motocin ɗaukar kaya ƙirar kanta guda biyu. Yakan sayi masara da dawa a hannun manoman Kuyello da ƙauyukan da ke bayanta, ya kai wa masu haɗa abincin kaji a Kaduna. Da ya kwanta, 'yan uwansa suka taru a ɗakinsa suka ce a sayar da motocin a rufe sito, tunda babu namijin da zai riƙe, ga kuma 'yan bindiga sun addabi hanya. Baba yana kwance yana jin su. A lokacin magana ba ta fita a bakinsa sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna ni, ya ce, "Ita." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma babu wanda ya iya yi masa musu a halin da yake ciki.

Ni kuwa ban san komai a kan aikin ba. Tattalin arzikin noma na karanta a jami'a a Zariya, amma ban taɓa tsayawa a gaban ma'auni ana loda buhu ba. Wanda ya koya mini aikin shi ne tsohon direban Baba. Gbagyi ne, Kirista, ɗan wani ƙauye ta wajen Kusasu. Tun kafin a haife ni yake tuƙa motar gidanmu, shi ya sa muka tashi muna ce masa Kawu, shi kuma yana ce mini 'yar Alhaji. Shi ya nuna mini yadda ake gatsa ƙwayar masara da haƙori: idan ta fashe ƙas ta bushe, idan ta lotsa akwai sauran laima. Shi ya gaya mini manoman da maganarsu ɗaya ce, da waɗanda sai an zazzage buhunsu an duba ƙasa. Ya kuma san hanya irin sanin da ba a karantawa a takarda. Kafin ya tayar da mota yakan je bakin gari ya tsaya yana kallon masu shigowa. Idan 'yan acaba suna fitowa daga ƙauyuka da kaya a bayansu, sai ya dawo ya ce mu yi bismillah. Idan shiru ya yi yawa, sai ya ce a bari.

Kakar farko ta wuce lafiya. A ta biyu ruwa ya ƙi ɗaukewa da wuri. Manoman wani ƙauye a bayan Kuyello sun yi saurin cire masararsu saboda tsoron kada a hana su shiga gona, suka ɓare ta tun ba ta gama bushewa ba, suka tara a cikin ajin wata firamare da aka daina karatu a cikinta. Suka aiko mini cewa ta fara ɗaukar zafi. Na san ma'anar wannan. Idan ta ƙara kwana biyu haka, fumfuna za ta kama ta, ko kaji ba za a ba wa ba.

Ranar Alhamis da safe Kawu ya dawo daga bakin gari ya same ni a sito.

Ya ce, "'Yar Alhaji, yau hanyar ba ta kwanta mini ba. Tun da na tsaya ban ga ɗan acaba ko ɗaya ya fito daga can ba."

Na ce, "Kawu, mutanen nan noman shekararsu ke nan. Idan ba mu kwaso ta yau ba, ta lalace."

"Mu bari zuwa Asabar."

"Kafin Asabar wani ruwan ya sake sauka."

Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. A nan ne na faɗi maganar da har yau ba ta bar ni ba. Na ce, "Da Baba yana kan ƙafarsa, da tuni motar nan ta yi nisa."

Ban ma san ko gaskiya ce ba. Na dai san za ta taɓa shi, shi ya sa na faɗa. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗauki makulli a kan ƙusa ya fita.

A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare shi. Suka ƙone motar da masarar da ke cikinta, suka shiga daji da shi. Kwana talatin da takwas ya yi a hannunsu. Abin da danginsa da mutanen cocinsu da gidanmu suka yi har aka karɓo shi ba zan faɗa a nan ba. Ya dawo da rai, amma hannunsa na hagu ba ya damƙuwa, kunne ɗaya kuma ya daina ji. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Bayan wannan na sauya yadda muke aiki gaba ɗaya. Na ce daga ranar maganar direba ita ce ta ƙarshe; idan ya ce ba a tafiya, ko ni ko manomi babu mai ƙara magana. Na gane cewa abin da ya tura ni gaggawa shi ne masara ba ta da inda za ta jira a ƙauye. Sai muka haɗa kai da manoma a ƙauyuka huɗu, muka daɓe wuraren shanya da siminti, muka sa tamfol, muka kawo irin buhunan nan masu leda a ciki da ke hana ƙwari. Da haka hatsi yakan iya zama a ƙauye mako uku ko huɗu har hanya ta yi sanyi. Matan da suka yi gudun hijira daga Damari zuwa cikin gari na ɗauke su aikin sheƙa da tankaɗe a sito, kuma ta bakinsu nake jin labarin ƙauyuka kafin ya iso kasuwa. Ban taɓa ɗaukar duk wannan a matsayin wani abin faɗa ba. A wurina gyaran ɓarnar da na yi ne kawai.

Tun ina jami'a nake da burin yin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a ɗaya daga cikin manyan makarantun nan na ƙasar waje da ake ji da su. Da jikin Baba ya ɗan yi sauƙi, ƙanwata mai bi mini kuma ta gama karatunta ta fara zama da ni a sito, sai burin ya dawo mini. Na yi wata shida ina karatun jarrabawar lissafi da Turanci da makarantun suke buƙata, tsakanin azahar da la'asar lokacin da sito yake shiru. Na je Abuja na rubuta, sakamakon ya yi kyau fiye da yadda na zata.

Na kira wata ƙawata da muka yi jami'a tare, wadda take aiki a banki a Legas kuma ta san kan waɗannan abubuwa. Ta saurare ni, sannan ta ce, "Ƙawata, zan gaya miki gaskiya. Mutanen da za ki yi takara da su sun yi shekara huɗu, biyar a manyan kamfanoni, an ƙara musu girma sau biyu. Ke wata goma sha ɗaya gare ki. Ko dai ki koma ki nemi aikin ofis ki jira, ko kuma ki san yadda za ki kambama abin da kike da shi."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Aikin Kaduna, kada ki ce kiran waya kike yi, ki ce kina kula da rarraba kaya a jihohi. Na gida kuma, ki sa shi a layi ɗaya, kasuwancin iyali. Ba su san sito ba, ba za su ɗauke shi aiki ba."

Ba da mugun nufi ta faɗa ba, abin da ta gani yana aiki ta gaya mini. Na bi shawararta. Makarantu uku na zaɓa. Kowacce tana so a rubuta mata gajeren bayani a kan kai, kuma a cikin tambayoyin akwai wadda ta ce mutum ya ba da labarin wata shawara da ya yanke ta zo da mummunan sakamako, da abin da ya koya. Na karanta tambayar. Na rufe kwamfuta na tashi. Washegari na zauna na rubuta labarin wata rana a ofishin Kaduna da na tura takin wani dillali zuwa garin da ba nasa ba. Abin ya faru da gaske, amma cikin yini ɗaya aka gyara shi, babu wanda ko abincin ranarsa ya rasa.

Makarantu biyu na fara tura wa. Duka biyun suka amsa da haƙuri, ko ganawa ba su kira ni ba. Saura ɗaya, wadda za ta rufe karɓar takardu bayan mako biyar.

Wata rana da hantsi ina zaune a ɗakin Baba da kwamfuta a cinyata, Inna mahaifiyarmu tana shafa masa man zafi a ƙafa. Ya lura fuskata ba daidai take ba, ya yi mini alama in gaya masa. Na faɗa masa an ƙi ɗaukata. Ya ce, "Karanta." Sai na riƙa karanta abin da na rubuta ina fassara masa da Hausa, jimla bayan jimla. Ban taɓa jin kunyar rubutuna ba kamar ranar. Kalmomin da suka yi nauyi da Turanci, da na juya su zuwa Hausa a gaban mahaifina sai suka zama babu komai a cikinsu. Da na gama ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

Ya ce, "Ina Kuyello?"

Na ce, "Baba, ba irin wannan suke so ba."

Ya girgiza kai. "Sun tambaya. Kin ɓoye."

Inna ba ta ɗago daga abin da take yi ba. Ta ce, "Idan za ki rubuta, ki sani ba labarinki ba ne ke kaɗai. Mai hannun yana nan da ransa. Ki je ki same shi tukuna."

Kwana uku na yi ina ja da baya. Ba wai ban taɓa zuwa gidan Kawu ba bayan dawowarsa. Ina zuwa duk mako, in kai abin da ya sawwaƙa, mu gaisa, in tambayi jiki. Amma maganar ranar Alhamis ɗin nan ba mu taɓa yin ta ba, ko sau ɗaya. A rana ta huɗu na sa hijabina na tafi unguwar da suka kama haya a bayan gari, domin ƙauyensu ya tashi tun bara.

Na same shi a gindin bishiyar mangwaro yana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya, yana danne kwanson a kan gwiwarsa. Matarsa, wadda muke ce wa Mama, tana wanki a gefe. Ta amsa sallamata, ta kawo mini kujera, ta koma kan wankinta. Tun da abin ya faru ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma kuma ba ta sake yi mini dariya ba.

Na zauna ta ɓangaren kunnensa mai ji. Na yi masa bayanin makarantar, da tambayar da suka yi, da abin da nake son rubutawa. Na ce idan bai yarda ba, ba zan rubuta ba, kuma ba zan ji komai a raina ba.

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa na wani lokaci. Can ya ce, "Su waye za su karanta?"

"Malaman makarantar. Mutum uku ko huɗu."

"Za ki sa sunana?"

"A'a, Kawu."

"To me za ki ce?"

Na ce, "Zan ce ka gaya mini kada a tafi, na ƙi ji. Zan ce na ambaci Baba don in tilasta ka."

Shi ne karo na farko da maganar ta fita daga bakina. Sai kuka ya ƙwace mini. Kawu bai rarrashe ni ba, ya bar ni har na tsagaita don kaina.

Ya ce, "Ashe kin san abin da kika yi."

"Na sani, Kawu. Ka yafe mini."

"Na yafe tun ina can. A can idan ka riƙe mutum a zuciya, nauyin ya yi maka yawa." Ya ture kwanon gyaɗar gefe. "Amma idan za ki rubuta, ki rubuta duka. Ki ce makulli a hannuna yake. Ni ba yaro ba ne, shekara talatin ina tuƙi. Na ga hanyar, na san ba ta da kyau, na tafi saboda ba na so a ce na ji tsoro a bayan Alhaji. Kada ki mai da ni kamar akuyar da aka ja da igiya. Ke kin yi naki, ni ma na yi nawa."

Sai Mama ta tsame hannunta daga ruwan wanki ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ni ma ki rubuta nawa. Ki ce kwana talatin da takwas ban sani ba ko matar aure ce ni ko mai takaba." Ta goge hannu a zaninta. "Kuma ina da tambaya, 'yar Alhaji. Idan suka karanta suka ji tausayi suka ɗauke ki, ke kin samu makaranta. Shi fa, me ya samu?"

Kawu ya yi mata magana da yarensu, da alama yana cewa ta bari. Ba ta janye ba, ta tsaya tana jiran amsata. Duk alkawarin da ya zo bakina na ji ya yi arha. Daga ƙarshe na ce, "Mama, ban sani ba. Ba ni da amsa."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce, "To, gara da ba ki yi mini ƙarya ba." Ta koma ta durƙusa kan wankinta.

Na dawo gida na goge duk abin da na rubuta a baya. Aikin Kaduna na mayar da shi yadda yake: wata goma sha ɗaya, kiran dillalai. Aikin sito kuma na ba shi wurinsa, na faɗi abin da nake yi kullum, mutanen da ke ƙarƙashina, ƙauyukan da muke hulɗa da su. A amsar tambayar nan na rubuta abin da ya faru ranar Alhamis da kalmomi kaɗan, na sa maganar Kawu cewa makulli a hannunsa yake, na sa ta Mama kamar yadda ta faɗe ta. Ƙawata ta Legas da na tura mata ta ce in ƙara bayanin abin da aka yi masa a daji, domin shi zai fi kama zuciyar mai karatu. Na ƙi. Bai taɓa ba ni wannan labarin ba, ban kuma nemi izininsa ba. Mafi yawan rubutun na yi shi ne a kan wuraren shanya da buhuna da dokar da na kafa a kan maganar direba.

Ana buƙatar takardar shaida daga mutum biyu da suka ga aikina. Tsohon shugabana na Kaduna ya rubuta ɗaya, gajeriya, domin bai san ni sosai ba. Ta biyu wata mata ce mai kula da sayen hatsi a kamfanin abincin kajin da muke kai wa kaya ta rubuta. Ta taɓa dawo mini da mota guda saboda laima a shekarata ta farko, ta kuma ga yadda kayanmu suka sauya bayan haka. Ban ga abin da ta rubuta ba.

Bayan mako bakwai saƙo ya zo cewa suna son ganawa da ni ta bidiyo. A lokacin sabis ɗin waya a garinmu sai a hankali, wani lokaci a yi kwanaki babu shi ɗungurungum. Dole na tafi Kaduna. Muka taru a tasha da sassafe muka jira ayari ya cika, sojoji a gaba da baya. Ina zaune a bayan mota tsakanin wata mai jego da wani dattijo mai zuwa asibiti, na rungume kwamfutata, babu mai magana har muka wuce Buruku. A nan ne kowa ya saki ajiyar zuciya, dattijon ya ɗauko goro ya rarraba mana.

A gidan ƙanwar Inna na yi ganawar, na jingina kwamfutar da tarin littattafai a kan teburin cin abinci. Wanda ya yi mini tambayoyin wani dattijon Bature ne, tsohon ɗalibin makarantar, wanda ya ce ya yi rayuwarsa a harkar jiragen ruwa na dakon kaya. Bai ɓata lokaci ba. Ya ce, da Turanci, "Mafi yawan waɗanda za ki zauna da su a aji sun fi ki shekarun aiki nesa ba kusa ba. Idan ana muhawara, me za ki kawo da ba su da shi?"

Na ce akwai abubuwa da yawa da ban sani ba, ban taɓa aiki a babban kamfani ba, kuma don in koye su nake son zuwa. Amma na san yadda ake fitar da kaya daga wurin da babu tabbacin hanya, na san yadda ake riƙe amanar manomi da ba ya karanta yarjejeniya.

Ya gyara tabaransa. Ya ce, "Na karanta labarin direbanki. Ga tambayata. Da motar ta je ta dawo lafiya a ranar, da yau kina ganin kin yi kuskure?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce, "A'a. Da ta dawo lafiya, da na ɗauka ni mai ƙarfin hali ce, kuma da na sake yin haka, har ranar da za ta faru. Kuskuren ba a hanya aka yi shi ba, a sito na yi shi, lokacin da mutumin da ya fi ni sani ya faɗi gaskiya na nemi abin da zan rufe masa baki da shi."

Ya rubuta wani abu. Ya ce, "Yaya direban yake yanzu?"

Na ce, "Yana raye. Ba ya tuƙi."

Ya gyaɗa kai, ya wuce zuwa tambaya ta gaba, a kan abin da nake son yi bayan karatu. Da muka gama ban san ko na yi kyau ko ban yi ba. Na rufe kwamfutar na shiga kicin na taya ƙanwar Inna yankan alayyafo.

Ba su ɗauke ni kai tsaye ba. Sun sa ni a jerin masu jiran gurbi, na yi wata biyu a haka. Ina sito ana auna dawa saƙon ƙarshe ya shigo, cewa an ba ni gurbi tare da tallafin karatu. Na karanta sau biyu, na mayar da wayar cikin jaka, na jira aka gama awon, domin manomin yana sauri ya koma kafin azahar. Da na gaya wa Baba, ya rufe idonsa yana motsa baki, na gane addu'a yake yi. Inna ta ce, "Alhamdulillahi," sannan ta tambaye ni wa zai riƙe sito. Ƙanwata ce ta riƙe, har yau ita ce, kuma ta fi ni haƙuri da manoma.

Ban yi murna irin wadda na zata zan yi ba. Karatun ya yi mini wuya a watannin farko. Abokan ajina suna ambaton abubuwan da ban taɓa ji ba kamar kowa ya san su, ni kuwa sai na koma ɗaki na nemo ma'anarsu. Ina zango na biyu Baba ya rasu. Ƙanwata ta kira ni bayan an dawo daga maƙabarta. Na zauna a kan benci a wajen aji, mutane suna wucewa da kofunan shayi a hannu, babu wanda ya san an binne mahaifina.

Na gama na dawo. Yanzu a Kaduna nake, ina aiki da wani kamfani da ke gina rumbunan ajiya a ƙauyuka. Kawu da Mama sun bar Birnin Gwari, suna zaune a wurin babban ɗansu a wata unguwa a bayan Kaduna. Makon da na sauka na je gaishe su. Ya tsufa sosai, gashinsa duk ya yi fari. Ya yi mini ta'aziyyar Baba. Mama ta kawo mini kunu a kofi ta zauna a bakin ƙofa.

Bai tambaye ni komai a kan karatun ba. Abin da ya so ya ji shi ne labarin hanyoyin ƙasar da na yi karatu. Ya ce, "'Yar Alhaji, wai gaskiya ne direba yakan ɗauki kaya shi kaɗai, ya ratsa daji, babu ayari babu soja?"

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu."

"Idan taya ta fashe fa a tsakiyar daji?"

"Sai ya tsaya a gefe ya kira masu gyara, ya jira su."

"Ya tsaya kawai? A wurin?"

"A wurin."

Ya daɗe yana kallon bango, hannunsa mai lafiya yana kan gwiwa. Can ya juyo da kunnensa mai ji wajena, ya ce in gaya masa taya nawa manyan motocinsu suke da ita.